Birkin Baya

Tela na durƙushe a tsakar gidan ƙanwarsa, ɗan makullin ɗaure noti ɗaya a hannu, ɗaya a baki, yana fama da haɗa keken da ba nasa ba. Kwalin da keken ya zo a ciki na yashe a gefe, girmansa ya kusa kai ƙyauren ɗaki. Mai keken kuwa, Akawu, mijin ƙanwar tasa, sai zagaye yake yana shafa taya, bakin nan har kunne, kai ka ce haihuwa aka yi masa.

Tayar ce abin kallo. Faɗinta ya kai tafin hannun ƙato, baƙa wuluk, duk jikinta haƙora. Maƙwabtan da suka leƙo suka tambaya ko babur ne aka manta ba a sa masa inji ba. Akawu ya yi dariya har da tari, ya ce musu keken hawan dutse ne, irin mai ƙatuwar taya da ke ratsa yashi da taɓo, 'yarsa ce ta aiko masa daga inda take aiki. Wannan "'yata" tun safe yake nanata ta, kuma duk faɗa ɗaya sai Tela ya ji ta sosa masa rai. Shi nasa ɗan in ka ga ya kira waya, to wata buƙata ce ta taso.

Akawu ya girmi Tela da 'yan shekaru, amma tun da ya auri ƙanwarsa dole ya koma ce masa Yaya, kuma Tela bai taɓa ɗaga masa ƙafa a kan wannan ba. Bara ciwon zuciya ya kwantar da Akawu a asibiti. Da ya tashi likita ya ce ya riƙa motsa jiki a hankali, Tela ne ya gyara masa wani tsohon keke ya ja shi. Kullum da sassafe, kafin a buɗe shago, sai su fita ta bayan unguwa, su gangara wani busasshen rafi inda yashi ke sa dole su sauka su tura suna gulmar mutane, sannan su haura tudun da ke da tankin ruwa. Kullum Tela ne a gaba. A kan tudun zai dafa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya waiwayo, ya tambayi tsoho ko a aiko masa da mota ne. Akawu ya iso yana haki yana dariya.

Gaskiya dai a faɗe ta, duk rayuwar nan Akawu ne a gaba. Gidan da yake ciki nasa ne, fanshonsa na zuwa, 'ya'yansa ba su manta da shi ba. Wannan ɗan tudun kaɗai ne wurin da Tela ke waiwayowa ya hango shi a baya, kuma yana jin daɗin haka fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa.

Aikin kuwa ya yi shi tsakani da Allah. Ya ɗaura kan keken ya miƙe sak, ya gano fedar hagu a juye ake ɗaure ta, ya ɗaga sirdi daidai ƙugun Akawu. Da Akawu ya ɗauko famfo zai cika tayar tam kamar ta sauran kekuna, Tela ya riƙe hannunsa, ya danna robar da babban yatsa, ya ce irin wannan da laushinta ake barin ta, don ta baje a kan yashi maimakon ta nutse. Birkin ma wani iri ne: faifan ƙarfe a tsakiyar taya, da ɗan baki mai matse shi, da wani jan maɓalli da ake murɗawa a matsa ko a sassauta. Wanda ya yi shekara da shekaru yana sauraren keken ɗinki, wannan ba zai gagare shi ba. Ya daidaita na gaba tsaf.

Saura na baya Akawu ya kasa haƙuri. Ya fizgi keken ya fita titi, inda wata tifa ta juye yashin ginin maƙwabci har ya baje rabin hanya. Ya hau, ya ɗan yi tangal-tangal, ya nufi yashin kai tsaye. Tela ya tsaya yana jiran ya ga an kife. Ina! Keken ya bi ta kai ya wuce kamar a kan kwalta, ya bar wani faffaɗan sawu a baya. Mutane suka sa tafi. Ana cikin haka 'yar ta kira, ƙanwar Tela ta ɗaga wayar sama don ta ga babanta.

"Ki faɗa wa kawunki ya shirya," in ji Akawu, yana haki yana washe baki. "Gobe a rafin nan sai dai ya ga ƙeyata. Ni zan jira shi a tudu in tambaye shi ko a aiko masa da mota."

'Yar ta yi dariya ta ce Kawu ya yi haƙuri. Kowa ya yi dariya, har Telan, amma tasa iyakarta leɓe. Wasa ne, ya san wasa ne, shi ma irinsa yake yi kullum. Sai dai ƙyashi ba ya jin wasa. Ya dubi nasa keken da ke jingine a bango, sirdi a ɗaure da tsumma, taya siririya duk faci, ya ji zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Ya ce a kawo ya ƙarasa birkin baya. Ya kifa keken, ya daidaita shi har tayar ta riƙa juyawa ita kaɗai ba ko ƙara. Akawu ya shiga ɗaki da waya a kunne, ƙanwar ta tafi haɗo shayi. Tela ya ɗan jima yana kallon tayar tana juyi. Sai ya sa yatsa biyu ya ƙara murɗa jan maɓallin nan. Tayar ta juya, ta yi wani ɗan saƙat-saƙat, ta tsaya da wuri. Bai yi nufin wani mugun abu ba fa, haka ya faɗa wa kansa. So yake kawai tsoho ya san keke ba shi ne ƙafa ba. Jibi sai ya ce ya gano matsalar, ya sassauta, a yi masa godiya.

Washegari suka fita, Akawu har da hular kwano sabuwa da ta zo tare da keken. A kan kwalta tayar nan gurnani take yi, ko magana ba ka ji sosai, balle ɗan gogar birki. Ba su yi nisa ba Akawu ya fara ja baya. Ya canza giya, ya sake canzawa, ya ce shi kam yana jin keken da nauyi. Tela ya ce ai dole, taya irin wannan ba a tuƙa ta da ƙafar ɗan ofis. Ya taka nasa ya wuce gaba, iska na kaɗa masa riga, wani sanyi na ratsa ransa.

A rafin ya sauka ya fara turi kamar kullum, kunnensa na baya. Ya ji gurnanin tayar ya shigo yashi, ya matso, ya matso, har ya ga inuwar Akawu ta kamo tasa. Sai kuma ya ji shiru. Akawu ya dire ƙafa a tsakiyar rafin, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Da Tela ya ce su huta, ya girgiza kai. Ya riga ya cika baki a gaban 'yarsa da maƙwabta, kuma shi mutum ne mai kunyar a ce ya kasa. Ya tura ya fita daga yashin, ya sake hawa, ya tunkari tudun yana miƙewa tsaye a kan feda.

Tela ya kai tankin ruwa, ya dafa ƙafa, ya waiwayo da maganarsa a bakinsa. Keken na kwance a rabin tudu, Akawu na zaune dirshan a ƙasa, hannu ɗaya dafe da ƙirji, fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa masa toka.

Tela bai san lokacin da ya yar da nasa keken ya gangaro da gudu ba. Ya cire masa hular, ya ɓalle masa maɓallan riga, ya lalubo ƙwayar maganin da ke aljihunsa ya sa masa a baki. Da ya je janye keken daga hanya, yatsunsa suka taɓa faifan birkin baya, ya yi saurin janyewa. Ƙarfen ya yi zafi kamar dutsen guga. Ya tare wata motar haya, aka ɗaure kekunan a sama, aka yi asibiti.

Suka wuni a kan benci, shi da ƙanwarsa, tana kuka tana faɗa, yana zaune ya dunƙule hannu don kada ta ga bororon da ya tashi a yatsunsa. Can likita ya fito ya ce da sauƙi, zuciyar ce aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta, a bar shi ya huta, daga baya a ga abin da zai yiwu. Amma ƙanwar ba ta jira wani daga baya ba. Ta kira 'yar a waya, suka yanke hukunci a tsaye a bakin ƙofa: keke kam an gama. 'Yar ma kuka take, wai ita ce ta kusa kashe babanta da kyautarta.

Tela ya sa rai Akawu zai yi gardama, don mutum ne mai taurin kai. Bai yi ba. Da aka sallame su da yamma, ya kwanta a doguwar kujerar falo.

"Yaya, keken da aka yi don ya sauƙaƙa wa mutum, shi na kasa tuƙawa," in ji shi a hankali. "Da ina yaudarar kaina ne. Jikin ya gama. Ka tafi da shi, kai ka haɗa shi, kai ka san darajarsa."

Tela ya ce a'a, ya sake cewa a'a. Ƙanwar ta ce in bai ɗauka ba wallahi waje za ta jefar da shi, ba ta son ko ganinsa. Haka ya turo shi har shago, kuma duk taku ɗaya yana jin yadda keken ke riƙe kansa, yana jin abin da tsoho ya yi ta ja tun safe da ciwon zuciyarsa. Ya kifa shi tsakanin teburin yanka da keken ɗinki, ya mayar da jan maɓallin inda yake. Aikin bai kai a sa zare a allura ba. Ya juya tayar, ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ta ƙi tsayawa.

Bai iya zama ba. Ya rufe shagon ya koma gidan, ya tarar da Akawu yana kurɓar ruwan zafi. Ya zauna a bakin kujera, ya ce ba jikinsa ba ne, birkin baya ne ke kamawa, ko saurayi aka ɗora a kai sai ya galabaita. Akawu ya yi murmushi ya ci gaba da kurɓar ruwansa. Tela ya buɗe hannu ya nuna masa yatsun.

"Ni na matse shi. Da gangan. Jiya, kana ɗaki kana waya."

Akawu ya dube shi, ya dubi yatsun, sai ya fashe da dariya har ya riƙe ƙirji. Ya ƙwala wa matarsa kira ya ce ta zo ta ji yayanta, ya ƙone da dutsen guga ya zo yana ɗora wa kansa laifi don kawai ya kwantar masa da hankali. Mutumin da ba a taɓa dawo masa da ɗinki ba, shi ne zai ɓata birki? Ƙanwar ta share ido da bakin mayafi ta ce ai Yaya tun suna yara haka yake, in ta fasa kwano shi ke cewa shi ne. Tela ya rantse. Rantsuwar ma sai ta ƙara musu tausayinsa.

"Bar wahalar da kanka, Yaya, na gode," in ji Akawu, ya kama hannun nasa ya riƙe. "Samun irinka sai an tona. Gobe ka hau shi, ka zo ka ba ni labarin yashin nan."

Da sassafe Tela ya fito da keken, don ya rasa abin da zai ce in an tambaye shi. Keke ne na gaske, wannan ba musu. Ya shiga rafin bai rage gudu ba, tayar ta baje ta ɗauke shi, ya ratsa yashin ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ya haura tudun ko haki bai yi ba. A gindin tankin ruwa ya dafa ƙafa ɗaya, wuyansa ya juya da kansa kamar kullum. Daga nan ana hango rafin gaba ɗaya, da faffaɗan sawun taya guda ɗaya da ya ratsa shi daga wannan gaɓa zuwa waccan.