Ɓauren Ouma Dorie

"Ki kai cokalin har gindin tukunya, Mieta! Kina shafa shi sama-sama kamar mai tsoron ya cije ki."

Muryar ta taga take fitowa, daga gadon da Ouma Dorie ta yi wata biyu ba ta sauka ba. Mieta ta danna cokalin ƙasa. Tun safe take tsaye a ɗakin wankin otal, ƙafafunta sun kumbura, ga shi yanzu tana tsaye a bayan gidan maƙwabciya, ga zafin rana ga na murhu, tana juya jam ɗin ɓaure, na shafa wa burodi, a tukunyar tagulla. Ta gaji da tsohuwar nan, gajiya ta gaske. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninsu, ba ta taɓa jin "sannu" daga bakinta ba sai gyara.

Amma duk garin, in ana maganar jam, sunan Dorie ake fara kira. Shi ya sa da likita ya sallame ta gida ba tare da ya ba ta ranar dawowa ba, ba ta nemi fasto ba, suga ta aika a sayo.

"Ranar da za a binne ni, ba mai shafa jam ɗin kanti a burodi," in ji ta. "Jan ruwan nan? Gara a ci gaya."

Wannan ne ɗiban ƙarshe. Jiya Mieta ta kakkaɓe bishiyar ɓauren, abin da ya rage tsuntsaye sun gama da shi.

Jam ɗin ya fara kauri, yana tsalle yana fantsama, daidai lokacin da ba a ɗauke ido, sai ta ji an kira ta.

"Mieta."

Babu faɗa a ciki. Abin da ya tsorata ta ke nan. Ta saki cokalin ta shiga.

Tsohuwar na kwance, numfashinta na fita da ƙyar. Ta lalubo hannun Mieta ta riƙe. Sun jima a haka, sai ƙauri ya shigo ta taga. Hancin Ouma Dorie ya motsa.

"Ya kama," ta ce.

"Bari in sauke, Ouma. Yanzu zan dawo."

"Zauna."

"Zai ƙone duka."

"Na ji. Zauna dai."

Mieta ta zauna. Kafin inuwar bishiyar ta kai katanga, hannun ya saki da kansa.

Abin da ta iya cetowa kwalba tara ne, baƙi ƙirin, yana warin hayaƙi. Ta yi tunanin zubarwa ta sayo na kanti, wa zai sani? Sai ta kasa.

Ranar Asabar, bayan an dawo daga maƙabarta, aka taru shan shayi a zauren coci, da burodi da jam ɗin. Mieta na zuba ruwan zafi tana kallon bakunan mutane. Wani ya tauna ya yi saurin korawa da shayi. Wata ta tura nata ƙarƙashin kofi. Antie Let kuwa, shugabar matan coci, wadda ba a taɓa jin magana ta kwana a cikinta ba, ta ɗanɗana ta girgiza kai.

"Allah sarki, tsufa ba ya barin kowa. Ashe hannun Dorie ya riga ta mutuwa."

"Da ma ido ya tafi," wata ta karɓa. "Ai da ta haƙura."

Mieta ta ajiye butar. Ba ta son magana cikin taro, kuma ba abin da take so irin ta je gida ta miƙe ƙafa.

"Ba ita ba ce. Ni na ƙona."

"Ke? Yo ina kika tafi kika bar tukunya a wuta, 'yar nan? Ko yarinya ta san wannan."

"Ina ciki wajenta," in ji Mieta. "Ta ce in zauna."

Antie Let ta dube ta. Can ta jawo kwalbar gabanta, ta ɗauki wani yankan burodi, ta lafta masa jam ɗin har gefe, sannan ta tura wa ta kusa da ita kwalbar. Mieta ta samu kujera ta zauna, ta zare takalmanta a ƙarƙashin tebur, tana jin wuƙa na kankarar gindin kwalba.