Sifirin na Huɗu

Mutum huɗu ne a cikin wannan labari: wani tsohon bakanike, da 'yarsa wadda yake kira Uwata domin sunan mahaifiyarsa ta ci, da mijinta mai gyaran waya, sai mai walda da ke maƙwabtaka da garejin bakaniken.

Surukin ya sayi ƙaramar mota ta hannu, ya kawo ta gareji, ya durƙusa ya gai da tsoho, sa'an nan ya ce yana so a rage mata tsayi ta matso ƙasa kamar yadda abokansa suka yi wa nasu. Gajerun sifirin da aka ƙera domin haka, wato murɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗaukar nauyin mota a kan kowace taya, sun fi ƙarfin aljihunsa, shi ya sa yake roƙo a rage na jikinta. Tsoho ya san mota ba ta son haka. Amma wannan ne abu na farko da surukin ya taɓa roƙonsa, sai ya ji nauyin ya ce a'a.

Ya ɗaga motar, ya ciro sifirin huɗu, ya auna, ya sa wa kowanne alamar alli a zagaye ɗaya. Uku ya yanke da injin yanka, yana tsayawa yana zuba ruwa don kada ƙarfen ya ɗauki zafi. Yana shirin kama na huɗu, na gaba ɓangaren fasinja, sai aka ɗauke wutar lantarki. Surukin yana zaune a benci yana ta duba agogo, domin ya bar shagonsa a rufe. Tsoho ya leƙa wurin maƙwabci aron tukunyar gas ta yanka ƙarfe da harshen wuta.

Mai walda ya ce, "Ba kai ka koya mini cewa wuta tana kashe sifirin ba? Ko tsufa ya fara cinka ta ka?"

"Zagaye ɗaya ne kawai. Miƙo, ka rage surutu."

Ya yanke. Ƙarfen ya yi ja, da ya huce ya koma shuɗi har zagaye biyu. Tsoho ya goga masa baƙin mai, ya mayar da shi mazauninsa, bai ce wa kowa komai ba. Surukin ya tafi yana ta godiya.

Bayan mako shida suka biyo ta garejin a hanyarsu ta zuwa awon ciki, domin 'yar tana cikin watanta na takwas. Tun daga bakin ƙofa tsoho ya ga motar ta karkace, ta kwanta ta ɓangaren da 'yarsa take zaune.

Surukin ya fito yana dariya ya ce, "Baba, dubi abin da 'yarka ta yi wa motata. Ko ta sauka, motar ba ta miƙewa."

'Yar ta leƙo ta taga ta ce, "Kullum sai ya faɗa, Baba, har gaban ƙannensa. Wata guda ke nan na daina cin abincin dare, amma motar ba ta gode ba." Ta yi 'yar dariya. "Jiya kuma ta bugi ƙasa a tudun hanya, har na ji a bayana."

Tsoho ya dubi hannunta da ke kan taga. Awarwaron da a da yake kama ta ya zame har kusa da gwiwar hannu saboda rama. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya dubi tsoho, ya sauke ya ci gaba da aikinsa.

Da tsoho ya ce shokozoba, mai rage girgizar mota, ce ta mutu, da sun yarda, domin ba a taɓa musu da shi a kan mota ba. Har maganar ta zo bakinsa. Sai ya ce, "Uwata, fito ki zauna a benci."

Ya ɗaga motar, ya ciro sifirin biyu na gaba, ya tsayar da su a ƙasa kusa da juna. Ɗaya ya gaza ɗan'uwansa da yatsa uku. Ya sa tsumma ya goge baƙin man, shuɗin ya fito.

"Ba nauyinki ba ne. Da wuta na yanke wannan, na san zai saki, na shafe shi da mai, na yi shiru."

Surukin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai ni na matsa maka."

"Kai roƙo ka yi. Ni ne na sani."

'Yar ta daɗe tana kallon ƙarfen. Sa'an nan ta ce a hankali, "Wata guda, Baba."

Tsoho ya zaro makullin tsohuwar motarsa ya miƙa wa surukin, ya ce su tsaya a hanya ta ci abinci kafin awo, kuma wannan mota ba za ta bar gareji ba sai ya sa mata cikakkun sifirin. Ta tashi da ƙyar, ta yi masa sallama kamar yadda ta saba, amma ba ta dube shi ba. Da suka tafi, ya rataye sifirin da ya ƙona a ƙusa daidai inda yake ajiye allinsa, don ya riƙa ganinsa kullum.

Nan labarin ya tsaya. Wanda ya ga kuskure a rubutun ko a bayanin aikin, ina roƙonsa ya gyara mini.