Farin Jakin Malam Jatau

Tun kasuwar Mada tana rumfunan kara bakwai gidan su Malam Jatau suke awon hatsi a cikinta. Kakansa da farin jaki yake kawo gero, ubansa ma haka. Shi ma da tiyar awo ta dawo hannunsa bai sauya launi ba, in wannan ya tsufa sai ya nemo wani farin. Kasuwa ta yi ta faɗi, kwano ya kori kara, an ɗaga 'yan hatsi daga wuri zuwa wuri har sau uku, amma Jatau bai taɓa rasa masu saye ba. Shi a zatonsa kyawun awonsa ne.

Bana da amfani ya yi kyau sai ya tafi Gusau ya sayo babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Jakin kuwa ya sayar wa taubashinsa Umaru, mai igiya da faifai, can bayan mahauta.

Ranar kasuwa ta farko ya buɗe buhuna, ya zauna yana goge babur da gefen rawani. Har azahar tiya huɗu ya auna. Mako na biyu, tiya uku. Gero bai canza ba, farashi bai canza ba, amma mutanen ƙauye sai su wuce ta gabansa suna waige-waige kamar masu cigiyar akuya.

A mako na uku ya hango Inna Tambaya, wata tsohuwa 'yar Rawayya da ta shekara ashirin tana awo a wurinsa. Ta wuce da ƙwaryarta ko kallo bai ishe ta ba. Ya bar buhuna ya bi ta a hankali, har bayan mahauta. Ga farin jaki a ɗaure, ga layi, ga Umaru ya ture igiyoyi gefe yana auna gero!

"Umaru, yaushe ka zama ɗan hatsi?"

"Tun ran da ka sayar mini da kasuwarka da kunnuwanta biyu," in ji Umaru. "Kowa ya zo sai ya ce a auna mishi. In kore su?"

Jatau ya juya ga tsohuwar. "Haba Inna, shekara ashirin ba ki san fuskata ba?"

Ta ɗaga kai ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ke kallon fuskar mijin wata a kasuwa? Mu dai tun iyayenmu, mai farin jaki aka ce muna."

Mahauta suka kwashe da dariya.

Jatau ya koma kan Umaru. "Mayar mini da abina."

"Ko da baburin ka haɗo, ba ni saidawa. Amma awon ga ya ishe ni, bayana kamar an daka. Kawo buhunanka nan ka zauna, in koma ma igiyata. Sharaɗi guda: dusa da harawar jakin suna wuyanka, hawa kuwa nawa ne."

Jatau ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya ƙirga layin da ido, mutum goma sha ɗaya. Ya karɓe tiyar daga hannun Umaru ya durƙusa gaban buhu.

"Inna, nawa za a zuba?"

"Biyu. Ka cika ta ta yi tozo, wancan hannunshi rawa yake."