Fatar Akuya a Gangar Baba Wale

Baba Wale yana yaye buhun da ya rufe babbar gangarsa sai ya daskare. Fatar akuya ce a fuskar gangar, har da sauran gashi a gefe.

Ranar ce sojoji suka miƙa mulki. Wani sabon kansila a Tarauni ya ce sai an yi masa kiɗan Turawa na rok irin na zamanin samartakarsa, shi ne aka lalubo Baba Wale a Gyadi-Gyadi. Shekara ashirin ya yi yana kaɗa wa ƙungiyarsu ganga a kulob ɗin hafsoshi, shekara bakwai ke nan ba wanda ya neme shi. Da ɗakinsa ya fara yoyo bara, sai ya kai gangunan ajiya wurin maƙwabcinsa Lawan direba.

"Lawan! Me ya sami gangata?"

Lawan ya fito yana washe baki kamar wanda ya yi abin kai.

"Ka gani ko, Baba? Ina jin an gayyace ka sai na kai ta wurin Ɗan'azumi mai gyaran kalangu. Ya ce ganga ba fata ai ba ganga ba ce. Roba fa aka ɗaura maka!"

Robar nan ita ce ta zo da gangar, kuma a kanta abokan kiɗan Baba Wale, Tobenna mawaƙi da Ozoemena da Abimbola masu jita suka sa hannu ranar wasansu na farko. Dukkansu sun rasu. Ko hotonsu ba shi da shi.

"Ina tsohuwar?" in ji Baba Wale.

"Tana nan, ai ba ma yar da kayan mutane. Kulu! Kawo wa Baba robarsa."

Ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara murmushi.

Kulu matar Lawan ta fito da ita a hannu biyu, ta durƙusa ta miƙa masa. Fara fat.

"Duk ta yi kaca-kaca da zanen biro, Baba. Da sabulu ya ƙi, sai na sa kananzir. Wallahi sai da hannuna ya yi ja kafin ya fita."

Ya juya robar gaba da baya, ya ɗaga ta saitin rana ko zai ga sawun harafi ɗaya. Babu. Miji da mata suna tsaye suna jiran yabo, shi kuwa ji yake kamar yau aka binne mutanen nan uku.

"Sannu da aiki, 'yata," in ji shi.

Ya ari biron Lawan, ya zauna a dakali, ya rubuta sunayen uku a kan fatar akuyar. Da ya gama ya daɗe yana kallonsu. Duk rubutun mutum ɗaya ne.