Benen Somalata

Shekara ashirin da shida Piyadasa ya yi yana sayar da motocin Japan a wani gini mai bangon gilashi a Gaborone, babban birnin Botswana, shi da matarsa Somalata suna zaune a saman benen. Da ya rasu, motocin suka watse ɗaya bayan ɗaya, ƙasan ginin ya zama fayau. Mu kuwa mutanen Sri Lanka da ke garin ba mu da wurin ibada, yau falon wannan, gobe na wancan. Sai Somalata ta ce ta ba da ginin, ladan ya kai wa mijinta.

Aka kankare baƙin mai, aka girke mutum-mutumin Buddha a inda ake baje mota mafi tsada. Malamin addininmu ya iso daga Kandy, can gida Sri Lanka, tsoho mai mayafi ruwan goro. A gabansa ta tsiyaya ruwa a kwano, kuma a wurinmu kyautar da aka zuba wa ruwa ba ta dawowa.

Muna kwashe kwanukan shinkafa da miyar kwakwa na ɗaga kai.

"Yaya, wai gadonki ta ina yake?"

Somalata ma ta ɗaga kai. Ashe daidai kan Buddha yake, a wurinmu kuwa ba a kwana a saman kansa. Ga shi kuma malami ba ya kwana rufi ɗaya da mace. Duk furfurarmu, ba wanda ya tuna.

Ɗanta ya bugo daga Ostireliya, wai ta tattara ta taho. Ta tambaye shi wa ta sani a can, karensa? Malam dai ya naɗe tabarmarsa ya koma rumfar wankin mota, a tsakiyar Yuli, lokacin hunturun ƙasar. Ta roƙe shi su yi musaya. Ya yi dariya, ya ce ai gwiwoyinta sun girmi nasa.

Ta auna benen da taku, ta ja layi da alli. Ɗaki da falo duk suka faɗa saman Buddha, kicin kaɗai ya rage mata. Can ta ja katifarta, tsakanin firji da murhu. Tagar kuwa rumfar take kallo, kullum da safe tarin tsohon ke gaishe ta.

Na ce ta dawo gidana, akwai ɗaki.

"Ke dai bari, ƙanwata. In na fita, na bar Piyadasa. In na zauna, sanyi ya kashe min malam."

Ta dafa ruwan citta, ta ce in miƙa masa, ita kunya ba za ta bar ta ta sauka ba.