Ranar da Aka Rage wa Ungozoma Ƙarfi

Matata Zubaida ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Ikara, kuma ta fi duk namijin da na sani iya harbi. A waya nake nufi. Ƙaninta Zayyad ne ya koya mata wasan, irin wanda mutum huɗu ke haɗa kai su yi ta ɓarin wuta da wasu huɗun da ba su taɓa gani ba. Shekara ashirin ina koyar da tarihi, ban taɓa karanta yaƙin da ake dakatarwa don caji ya ƙare ba, sai a ɗakina.

Kowane jarumi a wasan da irin baiwarsa. Wani ya ɓace wa ido, wani ya gina katanga nan take. Tata jarumar tayar da matattu take yi: in aka kashe nata, daga nesa za ta miƙa hannu ya tashi, har sau biyu. Samarin da take wasa da su suka laƙaba wa jarumar suna Ungozoma.

Wata biyar ke nan da rasuwar Zubaida. Mace tana da takaba, kowa ya san farkonta da ƙarshenta. Ni kuwa ana tashi daga zaman makoki aka fara yi mini kwatancen gidajen zawarawa. Sai na tsara wa kaina tawa: kullum bayan la'asar in buɗe wayarta. Wasan yakan tsaya a shafin farko, Ungozoma na tsaye cikin koren mayafin da Zubaida ta zaɓa mata, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka kamar mai numfashi. A ƙasa an rubuta sai an sabunta wasan kafin a shiga. Ban taɓa dannawa ba.

Ranar Alhamis Zayyad ya yi sallama a zaure, da rake biyu a bayan babur.

"Malam, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Me kake so? Kai ba ka taɓa kawo rake don Allah ba."

Ya yi dariya, ya zauna. Ya ce ranar Asabar akwai gasa a wani gidan kallon ƙwallo a Makarfi, za su kara da 'yan Kudan. Ba a karɓar ƙungiya sai mai babban matsayi, su kuma matsayin Zubaida ne ke riƙe da su. In babu wayarta, ba su ba gasa.

"Kuma sai an sabunta," na ce.

"Sai an sabunta."

"Me masu wasan suka yi wa Ungozoma a sabon?"

Ya sosa ƙeya. "Sun rage mata ƙarfi. Yanzu sau ɗaya take tayarwa, kuma sai ta je har inda mutum ya faɗi ta dafa shi kafin a ƙirga goma."

"Laifin me ta yi?"

"'Yan wasa ne suka yi ta ƙorafi. Ka sha wahala ka kashe mutum, wata can bayan dutse ta ɗaga hannu ya miƙe yana harbinka. Tsakani da Allah, Malam, babu adalci. Mu ma da Yaya muke cinye kowa."

"Wato an zauna, an duba, an ga matattu sun cika dawowa."

"Kai dai Malam da fassara."

"Mayafin fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun sauya mata kamanni gaba ɗaya. Ka ɗauki hotonta mana kafin nan."

"Hotuna sun cika gidan nan, Zayyad. Babu wanda ke numfashi."

Na dube shi. Na lura ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk watannin nan ban taɓa tuna cewa ita ce ta goya shi ba. Ni na ɗauka ni kaɗai aka yi wa mutuwa.

Na ce na yarda, amma ni zan riƙe Ungozoma.

"Kai? Da yatsa ɗaya fa kake rubuta saƙo."

"Da shi na kayar da kai a jarrabawa."

Na danna. Wani layi ya fara cika a hankali, Ungozoma na tsaye a bayansa, har ya kai ƙarshe, wayar ta yi duhu. Da ta dawo, wata ce daban, da hular ƙarfe, tana murmushi kamar mai tallan magani.

Zayyad ya ce mu gwada. Ya kira abokansa Sani da Auwal a waya, muka shiga. Ban harbi kowa ba, sai bango da sararin sama. Can na ji Zayyad ya ce, "Malam, an kayar da ni. Ga ni bayan motar nan, zo ka tashe ni."

Na miƙa hannu daga inda nake. Babu abin da ya faru.

"Sai ka zo. Takwas, bakwai. Hagu, Malam, ɗayan hagun."

Na ruga. Na yi karo da ganga, na faɗa rami, na fito. Ina isowa lambar ta koma sifiri, ya ɓace, sai jakarsa a ƙasa.

Ranar da Zubaida ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki, ina Likoro ina tsaron jarrabawa, wayata a kashe kamar yadda doka ta ce. Zayyad ya kira ni sau goma sha ɗaya. Na iso an riga an rufe mata fuska.

"Ba komai, Malam," in ji Zayyad, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sai mu sake."

"A'a. Sun gyara wasan da kyau. Yanzu ya yi daidai."

Na miƙa masa wayar, na ce ya nemi mai sauri ranar Asabar. Ya karɓa da hannu biyu, ya goge fuskarta da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa.