Danshi a Bayan Gadon Linnea

Kaisa ta ja gadon 'yarta don ta share bayansa, sai ta tsaya da tsintsiya a hannu. A ƙasan bango, inda katako ya haɗu da daɓe, wani baƙin tabo ya bazu kamar an watsa toka a kan jiƙaƙƙen ƙyalle. Ta durƙusa ta danna wurin da babban yatsa, katakon ya lotsa. Ta kai hanci. Warin nan ne da ta daɗe tana ji a bargon yarinyar, wanda wanki ya kasa fitarwa.

Jiya-jiya a asibiti nas ta ɗora abin sauraro a ƙirjin Linnea, ta daɗe tana saurara, sannan ta tambaya ko akwai danshi a gidansu. Kaisa ta ce babu, ai sabon gida ne. Har da ɗan alfahari ta faɗa. Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba, amma tun sanyin bara take tari, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Gidan ɗaki ɗaya ne a kan tirela, a gefen gonar mahaifinta, ba nisa da Tafkin Superior, a yankin da ƙanƙara ke rufe ko'ina lokacin sanyi. Mijinta Dillon ne ya gina shi da hannunsa, a ranakun da ba ya tuƙa motar gungumen itace. Bai taɓa yin gini ba, a waya ya koya, daga bidiyon wani mutum da ke nuna aikin daki-daki. Tagogin na gwanjo ne, faifan sola ma na hannu suka saya, ba su ci bashin banki ko kwabo ba. Katakon bangon ciki kuwa daga tsohon ɗakin shanun mahaifin Dillon ya fito, shi kaɗai ne abin da marigayin ya bar masa. Kaisa ce ta goge kowane falle har ya yi santsi, tana ɗauke da cikin Linnea.

Dillon ya shigo daga faskare yana hura hannu. "Akwai sauran kofi, ko kin shanye kin bar ni da ƙamshi?"

"Zo ka gani."

Ya durƙusa ya duba. "Fumfuna ce kawai. Kawo ruwan bilic in goge."

"Ba a fuska take ba, Dil. Daga ciki take fitowa. Taɓa ka ji."

"Daga ciki ta ina? Na sa leda. Ko'ina na sa, ke ma kin riƙe mini."

"Buɗe mini bidiyon nan."

Suka zauna a kan matakalar benen da suke kwana, kafaɗa da kafaɗa, don babu wani wurin zaman mutum biyu. Mutumin ya fito yana murmushi kamar kullum. Ya shimfiɗa leda a jikin bangon waje, ya cusa audugar tare sanyi a kanta, sannan ya rufe da katakon ciki. Haka Dillon ya yi, bai tsallake komai ba.

"Kin gani?"

Kaisa ba hannun mutumin take kallo ba. "Tsayar. Wane wata ya ce ake ciki?"

"Janairu."

"Dubi rigarsa."

Singileti ce a jikinsa, gumi na zuba. A bayansa, ta ƙofar da ba a kafa ba tukuna, bishiyar kwakwa na kaɗawa.



"Shi a ƙasar zafi yake, danshinsa daga waje yake zuwa," in ji ta, a hankali, tana haɗa abin a ranta tana faɗa. "Shi ya sa ya tare shi a waje. Mu kuwa namu a nan ciki yake. Numfashinmu, tukunya, kayan Linnea da nake shanyawa a kan murhu. Ka tuna yadda taga ke zubar da ruwa da safe? Duk ya ratsa katako ya shiga, ya tarar da leda mai sanyi, ya kwanta. Tun bara."

"To, na ji. Idan ƙanƙara ta narke sai mu buɗe."

"Ko sauka ba ta yi ba tukuna, kana maganar narkewa."

"Kaisa, saura kaɗan ta sauka! In na yaye bango yanzu ina za mu kwana? Kuma katakon nan a harɗe yake, kowanne cikin ɗan'uwansa. Ya tsufa. In na ɓamɓare, rabi zai tsage." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na Baba ne."

"Na sani. Ni na goge shi."

Linnea, da ke zaune a ƙasa tana wasa da murfin tukunya, ta soma tari. Ya daɗe bai sake ta ba, har idonta ya kawo ruwa. Kaisa ta ɗauke ta, tana shafa bayanta har ya lafa. Ta sa mata rigar sanyi da hula, ta naɗe barguna biyu waɗanda ba su taɓa bangon ba.

"Ba fushi nake ba," ta ce daga bakin ƙofa. "Amma ba za ta sake kwana a nan ba sai an buɗe."

Ta ratsa gonar, ciyawa na ƙaras-ƙaras da sanyi a ƙarƙashin takalminta. Gidan mahaifinta ba wurin kwana ba ne: wanta da matarsa da yaransu sun cika shi, ga hayaƙin lofen tsohon da ya kama labule. Ta sami mahaifin nata, Reino, a tsakar gida yana wasa gatari.

"A'a, ga sarauniya da 'yar rakiyarta! Akwatin ashanar ya yi muku kaɗan ne?"

"Baba, bango ya jiƙe daga ciki. Shi ke sa ta tari."

Tsohon ya ajiye gatarin. Ya dubi jikarsa, ya dubi ɗan gidan can nesa, bai ƙara tsokana ba. "Yaron nan Dillon fa?"

"Yana can. Kada ka ce masa komai."

"Me zan ce? Ni da na taɓa kafa ƙofar rumbu a juye." Ya nuna gangaren rafi da haɓa. "Ga sauna can, ɗakin wankan tururi. Kakanki da ya zo ƙasar nan ita ya fara ginawa kafin gida, kamar kowa. A ciki suka yi sanyinsu na farko, a ciki aka haifi yayata. Sai dai ranar Asabar ku ba mu wuri mu yi wanka, ba zan yi ta wari saboda ku ba."

Ɗakin wankan tururin na gungumen itace ne, ya yi baƙi don tsufa, da ɗan zaure a gaba inda ake tuɓe kaya. Kaisa ta bi bangon da tafin hannu, kusurwa-kusurwa, ta shinshina har ƙarƙashin benci. A bushe yake ƙayau, sai ƙamshin itace. Ta share, ta hura murhu kaɗan, ta bar ƙofar tsakiya a buɗe don ɗumi ya shigo zauren. Ta shimfiɗa wa Linnea a kan benci mai faɗi, ta tokare gefen da kujera.

Da rana ta yi, ta bar yarinyar wurin matar wanta, ta koma. Ta riga ta ƙudurta cewa in ta tarar bai taɓa komai ba, ita za ta ɗauki ƙarfen ɓamɓare ƙusa.

Tun daga nesa ta ga ƙofa a buɗe, gadon Linnea a waje. Dillon na durƙushe da ƙyalle ɗaure a hanci, yana cusa ƙarfen a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro. Falle na farko ya fita lafiya. Na biyu ya tsage tun daga tsakiya. Bayansa baƙi ƙirin. Ya zura hannu ya jawo audugar, ya matse, ruwa ya bi ta tsakanin yatsunsa ya ɗiga a daɓe.

Ya daɗe yana kallon hannun.

"A nan kan Linnea yake," ya ce. "Kullum."

Kaisa ta ɗaura nata ƙyallen, ta durƙusa kusa da shi. "Ka ɓamɓaro, ni in zare ƙusoshin. Masu kyau a dama, sauran a waje."

Washegari Reino ya zo da wan Kaisa da maƙwabta biyu, kowa da guduma, aka yi gayya. Ba wanda ya ambaci bidiyo, sai ɗaya da ya tambayi Dillon ko yana da niyyar dasa kwakwa a bayan gida. Dillon ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Duk da hannu da yawa, ginshiƙan sun sha ruwa, dole a bar su su bushe kafin a rufe, kuma kuɗin sabuwar auduga sai an tara. Ƙanƙara ta sauka gidan yana tsaye babu bangon ciki. Katakon marigayin da ya tsira bai fi ya rufe bango ɗaya ba. Dillon ya ƙone sauran da kansa a bayan gona, bai yarda kowa ya taya shi ba.

A zauren sauna suka yi sanyin, su uku, tukunya ɗaya, kaya a rataye a ƙusa. Wata safiya, ana gab da Kirsimeti, Kaisa na yanka burodi sai ta ji wani abu ya ɓace mata. Ta tsaya da wuƙa a hannu tana nema. Linnea na barci a kan benci, baki a ɗan buɗe. Kaisa ta ajiye wuƙar, ta je ta ɗora kunne a ƙirjinta. Iska na shiga, tana fita, ba ƙara, ba tari.

Dillon ya ɗago daga ɗaure takalmi. "Lafiya?"

Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, ta ci gaba da saurare.